Wata shida da kwana tara a sashen masu tarin fuka a Gusau

Ni tela ce a Kaura Namoda, ɗinkin mata nake yi a cikin gida. Daga tsakiyar Nuwamban 2024 zuwa ƙarshen Mayun 2025 ni ce mai jinyar ƙanena, autanmu, wanda aka samu da tarin fuka da cutar HIV a lokaci guda. Da izininsa nake wannan rubutu. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ambaci sunansa. Ni kuma na ƙara da nawa, ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin akwai yabo a bakina akwai kuma ƙorafi, ba na son ƙorafin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Asibitin gwamnati ne a Gusau, yana da sashen masu tari da ake kira DOTS, yana da na masu karɓar maganin HIV. A kan waɗannan ɗakuna biyu zan yi magana, don wadda Allah zai jarraba da irin abin da ya jarrabe mu ta san inda za ta sa ƙafa.

Auta ya yi shekara huɗu yana haƙar zinari a yankin Anka. Ya tafi da ƙirji kamar na ɗan dambe, ya dawo mana ƙarshen damina yana tari, riga na yawo a jikinsa. Da dare sai ya jiƙa tabarma da gumi alhali sanyi ya fara shigowa. Muka ce ƙurar rami ce, muka ce mura ce. Babu kemis ɗin da bai ci kuɗinmu ba a unguwa: maganin tari na kwalba kala-kala, allurar zazzaɓi, kafso. Inna ta ce sammu ne, abokan aiki suka ga ya fara samu. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi da saiwoyi. Kusan wata biyu muka ɓata a haka. Abin da ya tashe ni tsaye shi ne ranar da na ga jini a kakin da ya tofar a bakin zaure. Sai na tuna sanarwar rediyo, cewa duk tarin da ya kai mako 2 a je a gwada, gwaji kyauta, magani kyauta, har da lambar 3340 da ake kira ba ta cin kati. A nan Kaura ma ana gwajin, amma Auta ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai je inda ɗan unguwarsu ke aiki ba. Shi ya sa muka kama hanyar Gusau, tafiyar kusan awa ɗaya, hanyar da kowa ya san ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata dare.

Ranar farko aka ba shi 'yar roba mai murfi, aka nuna masa bayan gini inda iska ke kaɗawa, aka ce ya ja numfashi sosai ya kakaro daga ƙirji, ba yawu ake so ba. Na'urar gwajin, GeneXpert, cikin kamar awa 2 take gama aikinta. Tana nuna ko akwai ƙwayar cutar, tana kuma nuna ko irin mai taurin kan nan ce da ba ta jin babban maganin. Mu kwana huɗu muka jira. Aka ce matsalar wuta ce, ga kuma kakin da ake kawowa daga ƙananan asibitoci ya taru. Wannan ne ƙorafina na farko, kuma ba ƙarami ba ne ga mutanen da kowane zuwa sai sun ranto kuɗin mota. Hoton ƙirji ma da kuɗinmu muka yi shi.

Nas ɗin da ke riƙe da sashen mace ce mai kamar shekara 50, kowa Sista yake ce mata. Ta ce an ga tarin fuka, kuma alhamdu lillahi mai jin magani ne. Sannan ta ce ƙa'idar aikinsu ce duk wanda aka samu da wannan tari a yi masa tayin gwajin HIV, ba don an zarge shi da komai ba. Ya yarda, aka ɗan huda masa yatsa, muka zauna kamar minti 20. Da za ta faɗi sakamako sai ta tashi ta tura ƙofa, ta dube shi ta ce, "Malam, maganar taka ce. Yayarka ta zauna ko ta jira mu waje?"

Ya ce, "Ta zamna, Sista. Ba ni da wanda ya hi ta."

Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. Ni na kawo shi, ni na biya mota, ni ce babba, amma ba ta ɗauki sirrinsa ta miƙa min ba sai da ya ce a miƙa. Tun daga nan na amince da matar.

Da ta faɗa, Auta bai yi kuka ba. Ya kafa wa ƙasa ido ya ce, "Ke nan tawa ta ƙare." Ni ce na yi kukan, don mu mun taso ana kiran wannan ciwo kabari kusa. Sista ta bar mu muka yi shirunmu, sannan ta jawo kujera. Ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayar tarin tana iya kwanciya a jikin mutum shekaru ba ta motsa ba, garkuwar jiki na tsare da ita, HIV ce ke rushe garkuwar. Shi ya sa mai HIV ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da tarin fiye da sau 10, kuma a duk duniya babu ciwon da ke kashe masu HIV kamarsa. Ƙurar dutsen da ya shaƙa a rami ita ma ta ƙara raunana huhun. Ta ce tarin ana warkewa sarai cikin wata 6. Ɗayan ba a warkewa, amma ana danne shi har mutum ya tsufa yana sana'arsa, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Sai ta juyo gare ni. "Hajiya, magani muna da shi, ko sisi ba za ku biya ba. Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai tsaya a kansa kowace safiya. Za ki iya?" Na ce zan iya. Ta rubuta sunana da lambar wayata a katinsa, ta ce, "Ba miƙa masa za ki yi ba. Ki ga ya haɗiye."

Aka ɗora shi a sikeli, kilo 44. Nauyi ne ke yanke yawan ƙwaya: daga kilo 38 zuwa 54 guda uku ake sha, daga 55 a koma huɗu. Wata biyu na farko kowace ƙwaya tana ɗauke da magani huɗu a haɗe, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, jajaye ne manya, ga wuyar haɗiya. Wata huɗu na baya sai a koma mai magani biyu. Ana sha ciki babu komai. A ranar aka haɗa masa da Septrin don tsare shi daga wasu cututtukan da ke samun mai raunin garkuwa. Maganin HIV ba a fara shi ranar ba, sai a mako na biyu, ƙwaya ɗaya da ake kira TLD, kullum ƙarfe 8 na dare. Akwai wani ƙarami kuma, dolutegravir, da aka ce ya riƙa sha ƙarfe 8 na safe, domin rifampicin yana sa hanta ta yi saurin wanke maganin HIV daga jini, dole a ƙara masa ƙarfi tsakanin awa 12. Wannan ƙaramin shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma sai da Sista ta sa na maimaita mata bayaninsa sau biyu kafin ta sallame mu. Ga kuma bitamin B6 don kada ƙafafu su riƙa zugi da tsikari kamar ana soka allura. Shi kam sau biyu kawai muka same shi a asibitin, sauran a kemis na saya. Ƙwaya 7 ke nan a rana, ga mutumin da ko kunu da ƙyar yake wuce masa.

A aljihun keken ɗinkina na ajiye su, cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin zare. Idan an idar da sallar asuba Auta zai biyo ta gidana kamar ya zo gaisuwa, in miƙo masa uku da kofin ruwa, in tsaya har maƙogwaronsa ya motsa. A bayan littafin da nake rubuta awon kwastomomi na ja layuka, kowace rana in saka alama. Idan ya yi awa ɗaya sai in dama masa koko, ya sha ƙaramin kafin ya tafi. Na dare kuwa yarona ke kai masa tare da tuwo, ni in bi shi da waya.

Abu na biyu da nake yaba wa sashen nan shi ne ba su ɓoye mana wahalar da ke gaba ba. Tun ranar farko Sista ta ce fitsarinsa zai koma ja kamar zoɓo, har gumi da hawaye suna iya canja launi, ba jini ba ne, aikin rifampicin ne. Da ba ta faɗa ba, da safiyar farko Inna ta zubar da maganin a masai. Ta ce gaɓoɓi za su yi ciwo, za a yi tashin zuciya, duk a daure. Amma abu uku ba a daure musu: idan ido ya koma ruwan ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a taho a ranar, kada a jira ranar kati. Ta kuma yi mana gargaɗin wani abu da ya zo ya faru. Kamar mako uku da fara maganin HIV zazzaɓi ya dawo sabo, wani ƙululu ya fito masa a wuya kamar ƙwan zabo. Ya zo da asuba ya tura hannuna ya ce, "Yaya, wanga magani shi ka kashe ni." Na kira Sista ƙarfe 6 na safe ta ɗauka. Ta ce a kawo shi likita ya gani, amma tana zaton garkuwar ce ta farka ta tarar da abokin gaba a gida ta hau faɗa. Haka likita ya tabbatar, ya ƙara masa wani magani na 'yan makonni, ya ce kada a tsayar da ko ɗaya daga cikin na da. Ƙululun ya sace a hankali.

A gida an riga an ware masa kwano da cokali da buta. Sista ta ce a daina, ta iska tarin ke bi, ba ta kwano ba. A buɗe taga, ya riƙa rufe baki idan zai yi tari, ya yawaita zaman waje, kuma bayan kamar mako biyu yana shan magani daidai haɗarin yaɗawa yana raguwa ƙwarai. Suka ce a kawo duk wanda ke kwana kusa da shi a duba. 'Yarsa mai shekara 4 ba ta kamu ba, amma an ba ta maganin rigakafi na wata 3. Maganar matarsa ta fi wuya. Ba su tilasta shi ba, ba su kuma daina tambaya ba, kowane zuwa sai an ce, "Malam, iyalin fa?" har ya kawo ta da kansa. Sakamakonta nata ne, ba zan rubuta shi ba. Inna har yau tari kawai ta sani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Mutum ɗaya ne, jiki ɗaya, amma kati biyu, layi biyu, ɗaki biyu, ɗaya a wannan ƙarshen asibiti ɗaya a wancan, kuma da farko rana biyu daban. Na tari duk mako biyu, na HIV wata ranar ta dabam. A Disamba sau huɗu muka zo Gusau. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda mota ta koma, a lokacin mu biyu ranar asibiti ba ta cin ƙasa da naira 8,000 idan aka haɗa da Keke Napep da ɗan abin taɓawa, ga ɗinkin mutane na jira. Ɗakin masu HIV kuma a gefe yake shi kaɗai, duk wanda aka ga ya doshi bencin nan an san abin da ya kawo shi. Akwai wani ma'aikacin kati da ke ɗaga murya ya kira cikakken suna har da na uba. Ran nan ya kira na Auta, wani mutum daga layin ya waiwayo ya daɗe yana kallonsa. Har muka dawo Kaura bai ce min uffan ba. Akwai kuma wata mai shara da ke toshe hanci da gyale idan za ta wuce masu tari, takunkumi na rataye a wuyanta ba ta sa ba. Irin wannan ba ya kashe mutum, amma yana hana shi dawowa, kuma rashin dawowar ne ke kisa.

Wanda ya riƙe mu a wancan ɗaki wani matashi ne mai bibiyar marasa lafiya, muna ce masa Malam. Shi ma yana shan maganin shekara da shekaru, da bakinsa ya faɗa wa Auta, ya nuna masa hoton 'ya'yansa biyu a waya. Shi ya gaya min binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manya a Najeriya ke da cutar, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma yana cikin masu ƙaranci. Ya ce ƙarancin nan shi ke ƙara mana kunya, kowa gani yake shi kaɗai ne. Tun farko ya tambaye ni wa ke taɓa wayata a gida. Na ce yara da maigida. Ya ce to idan ya kira zai ce, "Hajiya, ɗinkina ya yi?" Idan na ce ya yi, Auta na shan magani. Idan na ce da saura, zai sake kira lokacin da nake ni kaɗai. Ban taɓa zaton ma'aikacin asibiti zai yi tunanin gidana har haka ba.

Tsakiyar Janairu aka sake gwada kaki, babu ƙwayar cuta. Nauyi ya kai 48. Tari ya ɗauke, kumatu sun fara ciko, yana cinye kwanon tuwo ya nemi ƙari. Muka yi murna, ni har na sassauta. Wani lokacin idan ya makara sai in ba yaro ya kai masa ƙwayar a ƙulle a leda. A daidai lokacin ne kuma labari ya cika rediyo cewa gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, kuma kowa a layin ya san kaso mai yawa na maganin HIV ta wannan hanya yake zuwa. Magana ta yi ta yawo a benci, wai maganin zai ƙare, wai za a fara saye. Mu dai ba a taɓa mayar da mu hannu biyu ba, amma maganar ta shiga kunnen Auta. Ga bashi ya yi masa katutu, ga mata da 'ya, ga ƙarfi ya dawo. Farkon Fabrairu na wayi gari bai zo ba. Matarsa ta ce ya bi abokansa daji tun da duku-duku, ya ce a gaya min ya warke. Gwangwanin yana aljihun keke, bai ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba.

A nan ne na san darajar wurin. Kwana biyu bayan tafiyarsa ranar katinsa ce, ni kuma kunya ta hana ni kira. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. "Hajiya, ɗinkina ya yi?" Na ce da saura, muryata na rawa. Bayan azahar ya sake kira na faɗa masa komai. Bai ce laifina ba ne. Ya tambayi sunan wurin da ake haƙar, da wanda Auta ke jin maganarsa a can. Inda suke babu sabis sai an hau tudu, don haka sai na sami wani ɗan kabu-kabu da ke kai musu kaya, na ba shi saƙo ga ubangidan ramin cewa Inna na neman ɗanta. Malam kullum sai ya kira, safe da yamma. Daga baya na ji cewa a makonnin nan alawus ɗinsu ya tsaya, da katinsa yake kira. Ran da Auta ya hau tudu ya kira ni, na haɗa su. Ban san duk abin da suka faɗa ba, na dai ji Malam yana cewa, "Ɗan'uwa, ni ma na taɓa gudu. Dawo mu yi magana, babu wanda zai yi maka faɗa."

Kwana 9 ya yi babu magani. Da muka shiga ɗakin Sista na shirya jin tsawa, don na taɓa ganin yadda ake wanke mara lafiya tas a wasu wuraren. Ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Hau sikeli." Ya sauka zuwa 46. Ta ce ya zauna, ta tambaye shi abin da ya kore shi, ta kuma jira amsa. Ya ce bashi, ya ce kuɗin mota, ya ce mutumin nan da ya kalle shi a layi, ya ce ai ya ji sauƙi. Ta ce jin sauƙi ba warkewa ba ne. Wata biyun farko sun kashe masu yawan, saura masu laɓewa, su ne wata huɗun baya ke bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsaya a nan ya kashe maciji bai sare kai ba, kuma idan ya tashi yana iya tashi da taurin da wannan maganin ba zai ƙara cinsa ba. Sai a koma wani magani mai nauyi, wata 6 zuwa 9, wasu har shekara ɗaya da rabi, kuma irin wannan taurin ne zai shaƙa wa 'yarsa. Haka ƙwayar HIV, idan ana sha ana bari tana koyon maganin. Ta ce Allah ya taimake shi ya dawo da wuri, don wanda ya yi wata biyu cur ba ya sha, a littafinsu ya ɓata. Shi za a ci gaba daga inda aka tsaya, a ƙara kwana 9 ɗin a ƙarshe.

Ba a bakin magana ta tsaya ba. Ta ɗauki katinsa ta taka da ƙafarta zuwa ɗayan ɗakin, ta dawo an haɗa masa rana ɗaya, wata-wata. Ta ce idan babu gwaji ni kaɗai ina iya zuwa da katin in karɓo. Ta sake yi masa tayin a mayar da na tarin Kaura, ya ce a'a, ba ta matsa ba. Na gode mata, amma a raina na ce me ya hana a yi haka tun Nuwamba? Sai da mutum ya gudu aka gane cewa zuwa huɗu a wata ya fi ƙarfin talaka. Idan akwai mai faɗa a ji da zai karanta wannan, roƙona ke nan: wanda ke da ciwon biyu a haɗa masa rana tun zuwan farko, a daina kiran suna da ƙarfi, a ba da lamba kamar yadda ake yi a banki.

Maganar ci kuma babu wanda ya taimaka mana da ita, kuma ban ga alamar suna da abin taimakon ba. Maganin yana buɗe ciki ƙwarai, ga hatsi ya yi tsada a shekarar. Sista ta ce kada mu wahalar da kanmu da kayan gwangwani, abin da ke gida ya isa: wake, ƙuli-ƙuli, zogale, fura da nono, ƙwai idan an samu. Hoce da ƙuli ya riƙe Auta fiye da komai. Don kada ya sake komawa rami na sayar da atamfofina biyu, muka haɗa masa teburin cajin waya a bakin titi. Na ga mata a bencin nan da ba su da atamfar sayarwa. Wata daga wajen Tsafe ta taɓa ce min ranar da babu abinci ba ta ba mijinta maganin, don yana murɗa masa ciki. Na ja ta har gaban Sista.

Azumi ya kama 1 ga Maris, yana cikin wata na huɗu. Auta ya ce zai yi, kunya ma ba za ta bar shi ya ci da rana ba. Tun kafin watan ya tsaya Sista ta taso da maganar da kanta. Ta ce ita ba malama ba ce, ya tambayi malaminsa, amma a matsayinta na ma'aikaciya jikinsa bai kai ba, ga magani biyu da ke son tsakanin awa 12. Ya je wurin limamin unguwarsu ya ce yana maganin tari na wata 6. Liman ya karanta masa ayar Suratul Baƙara da ta yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame su rama a wasu kwanaki, ya ce karɓar sauƙin da Allah ya bayar shi ma biyayya ce. Wannan ya fi duk maganata tasiri. Sai muka mayar da karin kumallonsa ɗakina, a rufe.

A wata na biyar kaki ya sake fitowa babu komai, sikeli ya nuna 55. Sista ta ce daga yau huɗu za ka sha. Ya ce, "Sista, ina warkewa kuma a ƙara min?" Ta ce jikin ne ya ƙaru, dole rabonsa ya ƙaru. Ya yi dariya, ita ce dariyar farko da na ji ya yi a cikin asibitin nan.

Idan wata ta tambaye ni ko ta kai nata can, zan ce ta kai, amma ta shirya wa jira, ta shirya wa kuɗin hoto da na gwajin hanta da na bitamin, ta je da takunkumi da ruwa da abin karyawa. Ta nemi a haɗa mata ranakun tun farko, kada ta jira a yi mata tayi. Ta ba da lambar da ke shiga, kuma ranar da aka fasa shan magani ta faɗa a ranar, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ta sassauta a wata na uku kamar yadda na yi. Idan kuma mara lafiyarta zai yarda a yi a kusa da gida, ta yi a kusa, maganin ɗaya ne ko'ina.

Ranar ƙarshe ta faɗo cikin makon ƙarshe na Mayu. Kaki na uku babu komai, nauyi 57. Sista ta ɗauki jan biro ta rubuta a katin cewa ya warke, ta juya shi ta nuna masa da yatsa. Ta tuna mana ƙaramin na safe ba a barinsa ranar, sai an ƙara mako biyu bayan ƙwayar tari ta ƙarshe, kafin hanta ta koma daidai. A ɗayan ɗakin aka ɗebi jininsa don ganin yawan ƙwayar cutar, da sakamako ya dawo Malam ya kira ya ce ta kwanta ƙasa sosai, yanzu na wata uku za a riƙa ba shi a lokaci guda. Gwangwanin madarar ya bar aljihun kekena ya koma ɗakinsa, matarsa ce ke tsaye a kan na ƙarfe 8. Azumin da ake binsa ya rama shi da sanyi ya shigo, Litinin da Alhamis, ni ce ke dama masa furar buɗa baki.